Miƙa Wuya a Ches na Intanet: Ladabin Wanda Aka Ci

A watan Agustan 1895, a gasar ches ta garin Hastings da ke Ingila, Wilhelm Steinitz, tsohon zakaran duniya, ya ritsa wani Bajamushe mai suna Curt von Bardeleben. Da Bardeleben ya ga babu mafita, bai miƙa hannu ba, bai ce uffan ba. Tashi ya yi ya fice daga zauren, ya bar agogonsa na tafiya har lokacinsa ya ƙare. Steinitz ya nuna wa ’yan kallo yadda da zai ƙarasa wasan, aka yi ta tafi. Shekara fiye da 120 ke nan, amma duk inda aka ambaci Bardeleben sai an tuna wannan fita tasa. Abin da ya zama tabo ga mutum ɗaya a wancan zamani, yau shi ake yi dare da rana a Chess.com da Lichess, ba mai ko ɗaga gira.

Wanda ya taso yana kallon dara a gindin bishiya ya san cewa faɗuwa a can tana da shaidu. Ramuka 30 ne a ƙasa, kowa da ’ya’yansa 12, wannan da tsakuwa, wancan da tsinke, ga ’yan kallo sun yi da’ira. Idan aka cinye ka, a gaban idon jama’a za ka kakkaɓe hannu, ka sha tsiya, ka matsa wani ya zauna. Ba ka isa ka tashi tsakiyar wasa ka yi tafiyarka ba, don gobe ma nan za ka dawo. Intanet ta cire wannan ido. Abokin karawarka suna ne kawai da ’yar tutar ƙasa a gefen allo, wataƙila yana Indiya, wataƙila Brazil, kuma da wuya ku sake haɗuwa. Duk ladabin da ya rage tsakaninku ya tattaru a maɓalli ɗaya mai hoton tuta, wanda in ka danna shi ka ce: na sallama.

Masu wasa sun daɗe suna gardama a kan yaushe ya kamata a danna shi. Wasu na ganin cewa in an cinye maka sarauniya ba tare da ka samu komai ba, ci gaba da wasa raini ne, tamkar kana ce wa abokin karawarka bai iya ƙarasa abin da ya fara ba. Wasu kuma, musamman masu koyar da yara, cewa suke kada ka sallama sai an tsare sarkinka ya rasa wurin zuwa. Ni a nan na fi karkata ga na biyun, in dai ɗan koyo ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda yake gaba yana iya yin sakaci ya toshe sarkinka ta yadda ba ka da sauran motsi alhali ba a kai masa hari ba, sai wasa ya tashi canjaras. A wasan minti 3 ko minti 1 kuwa agogo ma ɗan wasa ne, mai rinjaye a allo yana iya faɗuwa saboda lokacinsa ya ƙare. Ko manya sun yi gaggawar da suka yi nadama. A Monte Carlo a 1902, Georg Marco ya sallama wa Ignatz von Popiel yana zaton ya rasa wani babban ɗansa, alhali akwai motsi ɗaya a gabansa da zai ba shi nasara.

Saboda haka jinkirin sallamawa ba shi ne laifi ba. Wanda ya ci gaba da wasa yana motsa ’ya’yansa cikin hanzari bai zalunci kowa ba. Laifin yana ga hanya ta uku, ta Bardeleben, wato mutum ya ƙi sallamawa kuma ya ƙi motsawa. Na taɓa buga wasan minti 15 da wani da daddare. Na samu sa’a na cinye sarauniyarsa, saura masa minti 9 da ’yan daƙiƙu. Daga nan shiru. Ɗigon da ke nuna yana kan layi bai mutu ba, yana nan, yana kallo. Ni kuma ba ni da damar ajiye waya, don in na kau da ido yana iya motsawa a daƙiƙar ƙarshe ya bar agogona na ci. Haka na zauna riƙe da waya har lambobin suka sauko sifili. Makin da zai rasa bai ragu da ko ɗaya ba. Abin da ya samu kawai shi ne ya ɗebe mini minti 9 don ya huce haushi. Wannan borin kunya ne, kuma cin haƙƙi ne, don lokacin mutum dukiyarsa ce. Chess.com da Lichess duka sun haramta wannan ɗabi’a, Lichess ma yakan dakatar da mai yawan yin ta daga wasa na ɗan lokaci. Amma hukuncin na’ura ba ya koya wa mutum kunya.

Japanawa sun kai wannan al’amari inda ya kamata a tsaya a duba. A wasansu na shogi, wanda aka ci shi ne zai sunkuyar da kai ya furta da bakinsa, “makemashita”, wato na faɗi. Alƙali ba ya faɗa masa, wanda ya ci nasara kuma ba ya murna a gabansa. Ƙwararrunsu har suna da al’adar da suke kira katachi-zukuri: wanda ya tabbata ya faɗi yakan ƙara ’yan motsi kaɗan don allon ƙarshe ya nuna an yi gumurzu, shi kuma mai nasara yakan bar shi ya yi. Bayan nan su biyun su zauna su warware wasan tare, a ga inda aka kauce. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗora nauyin kare mutuncin wanda ya faɗi a kan mutum biyu. Ko manhajar AlphaGo, da ta kara da ƙwararren ɗan wasa Lee Sedol a wasan go a birnin Seoul a watan Maris na 2016, an gina ta ne ta sallama in ta ga damarta ta yi ƙasa sosai, kuma ta yi hakan a wasa na huɗu, wanda shi kaɗai Lee ya ci cikin biyar.

Mai nasara ma yana da nasa rabon ladabi. A intanet akan rubuta haruffa biyu, GG, ma’ana wasa ya yi kyau. Daga bakin wanda aka ci, girmamawa ce. Amma in wanda ke gaba ya riga ya rubuta tun wasa bai ƙare ba, gori ne. Haka wanda zai iya gamawa a motsi biyu amma ya tsaya tara sarauniya uku don ya wulaƙanta mutum. Shi kansa maɓallin sallamawa ana iya mayar da shi makami: a watan Satumba na 2022 zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, ya sallama wa Hans Niemann bayan motsi ɗaya tak a wata gasar intanet, ya kashe kyamararsa, don nuna bai yarda da shi ba.

Mu da ke wasa daga Kano ko Maraɗi muna da wani uzuri na gaske. Sabis yakan ɗauke, data takan ƙare, caji yakan mutu ana tsaka da wasa, na can kuma ya ɗauka gudu muka yi. Wannan ya sa nake kyautata zato ga wanda ya ɓace farat ɗaya. Amma kada mu fake da shi. In ka ga sabis na rawa, kada ka fara dogon wasa. In ka dawo ka tarar an ci ka da agogo, aika kalma ɗaya ta ban haƙuri. In kuwa allo ya nuna maka ƙarara cewa an gama da kai kuma ba ka da niyyar ci gaba, ɗan’uwa, danna tutar nan, ka sallami bawan Allah ya tafi harkarsa.