Zumuntar Mata, Masu Share Wa Kirsimeti Hanya

A Kademi da kewayen Gaya, Disamba wata ne na hunturu da sussukar dawa. Kudu kaɗan, a ƙauyukan Sumaila inda Hausawa Kirista ke zaune, akwai wani aikin da ke jiran mata bayan sun baro masussuka: shirin Kirsimeti.

'Yan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a, su ne ke riƙe da ragamarsa. Da yamma sukan hallara a majami'a da tulun kiɗa da caki, su yi ta maimaita waƙa har ta zauna. Sai a buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, a karanta annabcin Ishaya da labarin Maryamu cikin Luka. Wadda ba ta iya karatu ba, a waƙar take haddace labarin, kuma da waƙar take koya wa jikokinta.

Abin da ya fi cancantar jinjina shi ne wanda ba a ji a bakin ganga. Su ke tara hatsi kwano-kwano domin gwauraye da marayu, su duba marasa lafiya, su sasanta waɗanda suka yi saɓani, don kada 25 ga Disamba ta riski kowa da yunwa ko gaba.