Sunan da Ya Zama Hukunci: Sharhi a kan Fim ɗin Mayun Gambaga

Fim ɗin The Witches of Gambaga, wanda Yaba Badoe ta ba da umarni, ta kuma shirya tare da Amina Mama, ya fito a shekarar 2010. Ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar gaske aka ɗauka, ta matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita suka fake a Gambaga, ƙasar Mamprusi a arewacin Gana, ƙarƙashin sarkin garin, wato Gambarana.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin da aka bar matan suka yi magana da bakinsu. Mai kallo zai lura cewa labarin kusan iri ɗaya ne: wani ya kwanta ciwo ko ya mutu, wani ya yi mafarki, sai a nuna wata mace. Daga nan sai shari'ar kaza. A yanka ta, a jefar. In ta mutu a rigingine, mace ta kuɓuta, in ta kife, shi ke nan. Kyamara ba ta yi gaggawa a nan ba, kuma daidai ne, domin shure-shuren kazar ya fi kowane dogon bayani nuna abin da aka rataya ran mutum a kansa.

Inda manazarci zai tsaya shi ne sunan fim ɗin. Ɗalibin fassara da ya mayar da shi "Mayun Gambaga" ya riga ya yanke wa matan hukunci. A al'adar Bahaushe mayya ba zagi ne kawai ba: ana cewa tana da ƙanƙara a ciki, tana kama kurwa, kuma a nono ake shan abin, don haka zargin kan bi 'ya'yanta. Ba a cewa mayya da wasa a tsakar gida. Ana iya cewa Badoe gatse ta yi, amma gatse ba ya tsallake fassara lafiya. "Waɗanda Aka Kira Mayu" ya fi tsawo, ya fi muni a kunne, ya kuma fi gaskiya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, tunda a kan furta kalmar doka ta zo ta tsaya. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a garin Kafaba, bayan wata boka ta nuna ta, jama'a na tsaye suna kallo. A watan Yulin 2023 majalisar dokokin Gana ta amince da ƙudurin Francis-Xavier Sosu, wanda ya mai da kiran wani maye laifi. Shugaba Akufo-Addo ya ƙi sa hannu a ƙarshen shekarar, yana mai cewa ƙudurin ɗan majalisa ba shi da hurumin ɗora wa baitulmali kashe kuɗi. Nijeriya kuwa ta daɗe da irin wannan tanadi a sashe na 210 na dokar laifuffuka ta kudancin ƙasar, sai dai sashen da ya hukunta mai zargi shi ne kuma ya hukunta wanda ya nuna kansa maye. Tsohuwar da aka matsa wa lamba ta amsa laifi don ta tsira da ranta, a wane ɓangaren sashen za a ajiye ta?