2.3 Matsayin Talaka a Littafin Tarihin Kano

Littafin *Tarihin Kano*, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, shi ne madogarar yawancin manazarta a kan shigowar ilimi ƙasar Kano. Ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), da na Fulani da suka zo da littattafan tauhidi da lugga a zamanin Yakubu (1452-1463).

Sai dai idan aka lura, marubucin a fada ya tsaya. Ya ambaci sarki, ya ambaci liman da ladan da alƙali, amma bai ce komai ba a kan ko marini da majemi da bafatake sun iya riƙe allo. Bugu da ƙari, masana irin su John Hunwick na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi, wato kimanin shekara 500 bayan Yaji. Don haka shirunsa ba hujja ba ce ta cewa talaka jahili ne.

Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne binciken Paul Lubeck (1986) a kan leburorin masana'antun Kano. Ya nuna da yawansu almajirai ne da gardawa da suka shiga aikin kamfani. Irin wannan lebura na Bompai yana karanta Alƙur'ani, amma a takardar ɗaukar aiki ba a lissafa shi cikin masu ilimi, tunda ba shi da shaidar boko.