Janar a Gidan Sarauta, Soja a Rami: Nazari a kan Fim ɗin Paths of Glory

A shekara ta 1957 wani Ba'amurke mai shirya fim, Stanley Kubrick, ya fitar da fim mai suna Paths of Glory, watau hanyoyin ɗaukaka. Masu jin Faransanci sun san shi da Les Sentiers de la gloire. Fim ne baƙi da fari, bai cika awa ɗaya da rabi ba, labarinsa kuwa na sojojin Faransa ne a cikin Yaƙin Duniya na Farko. Amma mutanen Faransa ba su gan shi a gidajen sinimarsu ba sai 1975. Ba wata doka aka rubuta ta hana shi ba. Hukuma ce ta nuna ba ta so, masu rarraba fim kuma suka gane, suka ajiye shi. Abin da ƙasa ta ƙi kallo har shekara 18 ya isa a duba shi da kyau, a ga inda ya faɗi gaskiya, a ga kuma inda ya rage ta.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san irin yaƙin da ake magana. A watan Satumba na 1914 Faransawa da Ingilishi suka tsayar da Jamusawa a bakin kogin Marne. Kowane ɓangare ya yi ƙoƙari ya zagaye ɗaya ta arewa, ba wanda ya iya, har suka ci karo da teku. Sa'an nan kowa ya haƙa rami ya shiga. Ramukan nan suka miƙe daga gaɓar teku a Baljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita wajen 700. A gabansu an shimfiɗa waya mai ƙaya, a bayan wayar ga bindigogi masu aman harsashi ɗaruruwa cikin minti ɗaya, can baya kuma ga manyan igwogi. Jamusawa ne suka riga zaɓen wuri, domin haka su ne a kan tudu a yawancin wurare. Duk wanda zai kai musu hari sai ya fito fili, ya hau tudu da ƙafa, suna kallonsa.

A nan Kubrick ya kafa labarinsa, a shekara ta 1916. Janar Broulard ya zo wurin Janar Mireau a wani babban gidan sarauta, ya ce ana so ya kama wani tudu mai ƙarfi da ke hannun Jamusawa, wanda ake kira Gidan Tururuwa, cikin kwana biyu. Mireau ya ce ba zai yiwu ba. Da aka ambata masa ƙarin girma, sai abin ya yiwu. Ya je ya gaya wa Kanal Dax, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayinsa, har ya lissafta masa da bakinsa cewa fiye da rabin mutanensa za su faɗi. Harin ya lalace. Waɗanda suka fita aka karkashe su, wani rukuni kuma bai iya ko fitowa daga rami ba. Mireau ya fusata, ya umarci masu igwa su buɗe wa ramin mutanensa wuta, amma hafsan igwa ya ƙi, ya ce sai an ba shi a rubuce. Domin ya rufe kunyarsa, Mireau ya nemi a harbe soja ɗari saboda tsoro. Aka yi ciniki kamar na kasuwa, aka sauko zuwa uku. Ɗaya kuri'a ce ta faɗa masa, ɗaya an zaɓe shi don hafsansa ba ya son irinsa, na ukun kuwa ya ga laifin da laftanansa ya yi da dare, ana so a rufe bakinsa. Dax, wanda lauya ne kafin yaƙi, ya tsaya musu a kotun soja, amma an riga an yanke hukunci tun ba a zauna ba.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da ido ke gani. Kubrick ya sa na'urar ɗaukar hoto ta bi ta cikin rami a hankali, tana wuce fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ga laka, ga hayaƙi, ga ƙasa tana zubowa a kan huluna. Mai kallo ba ya iya duban dama ko hagu, sai gaba kawai, kamar sojan. Daga nan sai a koma gidan sarauta, inda daɓen yake sheƙi, rufin yana can sama, muryar mutum tana amsa kuwwa. A cikin wannan zaure mai kyau aka yi shari'ar, mutanen uku suna tsaye ƙanana a tsakiyar daɓe. Ba a bukatar wani ya yi jawabi a kan bambancin mai umarni da mai mutuwa, gine-ginen sun riga sun faɗa. Abin da ya fi duka nauyi shi ne wurin harbin. Ɗaya daga cikin ukun kansa ya fashe tun da dare, bai san inda yake ba, sai aka ɗaure shi a kan makara aka jingina da gungume, aka mintsine shi ya buɗe ido domin a harbe shi a farke.

Wani zai ce an yi ƙari. Ba a yi ba sosai. Fim ɗin ya fito daga littafin da Humphrey Cobb ya buga a 1935, tushen littafin kuma wani abu ne da ya faru a Souain. A watan Maris na 1915 wani rukuni na runduna ta 336 bai fita daga rami ba sa'ad da aka ba da umarnin hari, gama wayar Jamusawa tana nan ba a yanke ta ba. Janar Réveilhac ya umarci a harbi ramin da igwa, Kanal Bérubé ya ƙi sai da takarda. Ran 17 ga Maris aka harbe kofur huɗu. Matar ɗayansu, Blanche Maupas, malamar makaranta, ta yi shekara 19 tana neman a wanke sunan mijinta. A 1934 kotu ta wanke su duka huɗu, ta kuma ba iyalai diyyar faran ɗaya, don shaida kawai. A dukan yaƙin Faransa ta harbe sojojinta fiye da 600 saboda ƙin bin umarni da makamantansa. Ingila ta harbe 306 saboda gudu ko tsoro, ba ta yafe musu ba sai 2006.

Amma fa akwai inda fim ɗin ya sauƙaƙa abu mai wuya. Wanda ya kalle shi zai fita da tunanin cewa masifar ramuka ta zo ne daga mugayen mutane biyu, ɗaya mai kwaɗayin girma, ɗaya mai sanyin zuciya, da an kawar da su da an huta. Tarihi bai yarda da haka ba. Jamusawa suna zaune a kan kusan dukan Baljiyam da arewacin Faransa, inda gawayi da ƙarfe suke. Su suna iya zama su jira. Faransa ba ta iya ba, gama ba wata gwamnati da za ta ce wa jama'arta a bar abokin gaba ya zauna. Dole a kai hari, kayan yaƙin zamanin kuwa duk suna taimakon mai tsaro ne. Da zarar soja ya fita daga rami, janar ya rasa shi, domin babu rediyon da mutum zai ɗauka a baya, wayar tarho kuma igwa ta tsinke ta. Sai ɗan aike da ƙafa, ko tantabara. In ma an fasa layin farko, mai hari yana jan ƙafa cikin laka, mai tsaro kuwa yana kawo sababbin mutane da jirgin ƙasa.

Dubi Somme. Janar Haig na Ingila ya yi kwana bakwai yana zuba harsashin igwa, wajen miliyan ɗaya da rabi, da nufin ya share waya ya binne masu tsaro. Jamusawa suna can cikin ɗakuna masu zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Da wuta ta tsaya ran 1 ga Yuli 1916, suka hau da bindigoginsu. A ranar kaɗai Ingila ta yi hasarar mutum 57,470, matattu 19,240 a cikinsu. Wannan ba makircin neman girma ba ne, lissafi ne da ya ƙi fita, kuma ta wani fanni ya fi ban tsoro. A Verdun, a shekarar nan, Falkenhayn na Jamus ya kai hari inda ya san Faransa ba za ta ja da baya ba, aka yi wata goma, aka kashe mutum wajen 300,000 daga ɓangarorin biyu, layin kuwa ya koma kusan inda yake. Janar-janar ɗin ma ba duka ne suka zauna cikin gidajen sarauta ba. Na Ingila 78 suka mutu a yaƙin. Joffre kuma ya tuɓe da yawa daga cikin nasa tun 1914, aka tura waɗansu yankin Limoges, daga nan ne Faransanci ya sami kalmar nan limoger da ake ji a rediyo duk ran da aka sallami minista.

Fim ɗin bai nuna kuma cewa rundunonin sun koyi wani abu ba, ko da yake da jinin talakawa suka biya kuɗin makaranta. Jamusawa suka daina cika ramin gaba da mutane, suka ja tsaronsu ya yi zurfi. Ingila ta fito da tankoki da yawa a Cambrai a Nuwamba 1917. Zuwa 1918 an iya haɗa igwa da tanki da jirgin sama da ƙananan rukunoni, sai layin ya motsa. Ba za a zargi Kubrick don bai ba da tarihin shekara huɗu cikin minti 88 ba. Abin zargin shi ne ya ba mai kallo mugu wanda zai tsana, ya kuma ba shi Dax, mutum mai tsabta wanda zai jingina da shi. Da haka kowa zai fita yana ganin shi Dax ne. Mutumin da ya fi kama da yawancin mutane shi ne hafsan igwa, wanda bai yi jawabi ba, ya dai ce a rubuta a sa hannu. Minti kaɗan aka ba shi.

Akwai wata fuskar da mai kallo a Maradi ko Garwa zai nema bai gani ba. Sojojin da ake kira tirailleurs sénégalais ba daga Senegal kaɗai suke ba, an kwaso su daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa, sau da yawa da tilas. Suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun ran 24 ga Oktoba 1916. Ran 16 ga Afrilu 1917, sa'ad da Janar Nivelle ya yi alkawarin fasa layin Jamus cikin awa 48 a Chemin des Dames, Janar Mangin ya sa su a gaba, su hau tudu cikin sanyi da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare. Dubbai suka faɗi. Blaise Diagne, wakilin Senegal, ya kai ƙarar abin a majalisar Faransa. Bayan wannan harin ne sojojin Faransa da yawa suka ƙi komawa gaba, aka tuɓe Nivelle aka sa Pétain. Rundunar Dax ta Turawa ce, saboda haka rashin baƙar fuska ba kuskure ba ne. Duk da haka, tudun da ya fi kama da Gidan Tururuwa a tarihi, 'yan Afirka suna cikin waɗanda aka tura su hau shi.

Fadan da ya ziyarci mutanen uku a daren ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Kubrick bai mai da shi abin dariya ba, bai kuma ɗaukaka shi ba. Ya zo da labarin cewa ba ceto, ya karɓi furcin zunubi, ya sha duka daga hannun wanda ya bugu, da safe kuma ya raka mai kuka har gungume. Aikin kirki ne, an kuwa nuna shi da mutunci. Amma a dukan fim ɗin ba a ga ya taka gidan sarauta ya ce wa janar komi ba. Yana shirya marasa laifi su mutu da natsuwa, hukuncin kuma yana tafiya sumul. Fim ɗin bai yanke masa hukunci ba, ya bar wa mai kallo, kuma nan ne ya fi kowane wuri yin adalci.

Ba a ga sojan Jamus ko ɗaya a fim ɗin ba. Bajamushiya ɗaya ce kawai ta fito, a ƙarshe, yarinya kamammiya da mai mashaya ya tura gaban sojoji su yi mata ihu. Ta soma waƙa da harshenta tana hawaye, ihun ya mutu, suka bi ta da gunji ba su san kalmomin ba. Waɗansu masu nazari suna ganin an sa wannan ne domin a sanyaya zuciyar mai kallo bayan ɗacin harbin, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai Kubrick bai bar sanyin ya daɗe ba. Dax yana tsaye a waje yana ji, saje ya zo ya ce masa an ba da umarni rundunar ta koma bakin daga nan da nan. Dax ya ce a bar su 'yan mintoci tukuna.