Ƙafa Mai Taushi: Yadda Gwanin Direba Ke Ratsa Santsin Damina a Hanyar Gubi

Tsofaffin direbobin Bauchi sun fi shakkar ruwan farko na shekara a kan mamakon watan Agusta. Sau da yawa ruwan farkon nan yayyafi ne kawai, ko kwata ba ya cikawa. Sai dai kwaltar da ya sauka a kanta ta yi wata shida ko fiye ba ta ga ruwa ba. Ƙurar hunturu ta kwanta mata, baƙin mai ya yi ta ɗiga daga injunan tifa da na bas, tayoyi sun goge sun bar garin roba. Yayyafi na sauka sai duk wannan ya kwaɓe ya zama wani siririn maiƙo da ido ba ya gani, kuma sai an tafka ruwa mai ƙarfi kafin ya wanku. A irin waɗannan kwanaki, hanyar da ta fita daga Bauchi ta nufi Ningi, wadda ɗalibai da malaman Jami’ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke bi zuwa matsuguninta na Gubi, tana nan yadda kowa ya san ta a ido. A ƙarƙashin taya kuwa wata hanya ce dabam.

’Yan Arewa da karatu ko aiki ya kai su Kanada sukan ba da labarin yadda suka koma ’yan koyo ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya fayyace lissafin: nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninkuwa biyu a jiƙaƙƙiyar hanya, yana iya kaiwa ninki goma a kan ƙanƙara. Mu Allah bai ba mu dusar ƙanƙara ba, ya ba mu laka. Kuma duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya bi hanyar ƙasa zuwa ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Gubi, wadda birnin Bauchi ke sha daga gare ta, washegarin ruwan dare, ya san makarantar ɗaya ce.

Abin da gwani ya sani, ko da bai taɓa faɗarsa da baki ba, shi ne wannan. Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba. Tafi huɗu ke nan. Ta nan take ja gaba, ta nan take tsayawa, ta nan take shan kwana. Riƙon da ke tsakanin roba da ƙasa kuwa ƙayyadadde ne, kuma ruwa ya riga ya cinye kaso mai yawa daga cikinsa. Idan ka nemi taya ta yi birki kuma ta sha kwana a lokaci guda, ka raba mata ɗan abin da ya rage gida biyu, sai ya kasa isar ko ɗaya. Shi ya sa gwani yake tambayar tayarsa abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a hankali yake tambaya.

Aikinsa tun kafin a tayar da inji yake farawa. Za ka gan shi da sassafe ya tsuguna gaban taya yana zura yatsa cikin zanenta. Waɗannan ramukan ba ado ba ne, magudanai ne. Su ke kwashe ruwan da ke gaban taya su watsar gefe domin roba ta samu ta taɓa kwalta. A cikin ramukan akwai wasu ƙananan tudu da masu ƙera taya suka dasa a tsayin milimita 1.6; ranar da zane ya goge ya yi daidai da su, taya ta gama aiki. Daga nan sai ya duba gefenta. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne kan tayar da ta haura shekara huɗu, domin roba tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta na nan radau. Taya ’yar Kwatano mai kyan gani tana iya zama tsohuwa tukuf, kuma mai ƙiwar sunkuyawa ba zai sani ba sai a tsakiyar kwana.

Sai waifa. Zafin bazara ya riga ya gasa robarta, ta tsage, tana shafa ruwa maimakon ta share shi. Gwani yana canza ta tun hadarin farko bai haɗo ba. Ya cika tankin ruwan wanke gilashi, ya sa yaron mota ya tsaya a baya, shi kuma ya taka birki a ga ko fitilun na kamawa. A but kuma akwai shebur, da igiya mai ƙarfi, da jak, da guntun katakon da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, da waigi, wato icen nan da ake tokare taya da shi. Mai a-kori-kura da zai koma gida ba kaya yakan jefa buhun yashi biyu a baya, saitin tayoyi, domin tayoyin baya ne ke tura motarsa, kuma in babu nauyi a kansu sai su yi ta wulwulawa a banza. Haka masu irin wannan mota ke yi a ƙasashen ƙanƙara.

A kan hanya, abu na farko da ɗan koyo zai lura da shi shi ne tazara. Gwani yakan zaɓi wata alama, falwaya ko bishiya, ya jira motar gabansa ta wuce ta, sannan ya ƙirga daƙiƙoƙi har shi ma ya iso. A rani biyu sun wadatar. A damina huɗu yake so. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa huɗu kusan mita casa’in ne, tsawon filin ƙwallo saura kaɗan. Tabbas wani zai zo ya kutsa cikin wannan fili yana danna ham. Gwani ba ya ja da shi. Yakan ɗaga ƙafa kaɗan ya sake gina tazararsa, kamar ba abin da ya faru.

Ƙafar damarsa abin kallo ce. Ba ta dukan totur, ba ta dukan birki. Takan sauka a hankali ta tashi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal. Yana hango kwana daga nesa sai ya rage gudu tun sitiyari na miƙe, ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku, ya saki kuloci sannu domin inji ya taya shi riƙe mota. Kafin ya fara murɗa sitiyari ya riga ya gama da birki. Cikin kwana ƙafarsa na kan totur amma ba ta ƙara komai, sai hanya ta miƙe sannan ya ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Fasinjan da ke gyangyaɗi a baya ba zai ma san an sha kwana ba. Idan ɗan koyo ne a kan sitiyari, abin da za ka ji daga kujerar gefe bai wuce kalma uku ba: “Yaro, sassauta ƙafa.” Shi kuma ya ce, “To, Baba,” sannan ya sake dannawa a kwana ta gaba, domin ƙafa ta fi kunne jinkirin koyo.

Birkin gaggawa ya danganta da irin motar, kuma a nan ne tsohon ilimi kan yi karo da sabon ƙarfe. A tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, idan ka danne birki a santsi tayoyi sukan kulle, kuma tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari, sai ja kawai. Don haka aka koya wa direbobin wancan zamani su riƙa dannawa suna saki da sauri. Motocin baya-bayan nan suna da na’urar ABS, wadda Mercedes ta fara sakawa a motocinta na alfarma a 1978. Ita wannan na’ura tana yin dannawa da sakin da kanta sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, fiye da yadda ƙafar mutum za ta iya. A irin wannan mota ka danna da ƙarfi ka riƙe, ka ci gaba da sarrafa sitiyari. Za ka ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana gurnani. Ɗan koyo kan tsorata ya saki. Kada ka saki, aikinsa yake yi.

Akwai kuma lokacin da ruwa ke kwanciya a kan kwalta har magudanan taya su kasa kwashe shi. Sai taya ta hau kan ruwan, ta rabu da ƙasa baki ɗaya. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi sakwaf a hannu, ka murɗa ka ji babu komai. Gwani a nan kusan ba ya yin komai, kuma wannan ne mai wuya. Yakan ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya ƙi taɓa birki, ya jira gudu ya ragu taya ta koma ƙasa. Daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, amma duk jikin mutum yana ce masa ya taka.

Idan kuwa mota ta fara zamewa, sai a gane wane ɓangare ne ya suɓuce. Golf da Corolla tayoyin gaba ne ke jan su. Idan ka shiga kwana da gudu sai hancin ya ƙi juyawa, ya nufi daji. Ƙara murɗa sitiyari ƙara ɓata lamari ne. Rage wuta, ka ɗan warware sitiyarin, tayoyin gaba su sake kama ƙasa. Bas ɗin Hiace da a-kori-kura kuwa bayansu ne ke wutsilawa. Idan baya ya tafi dama, sitiyari ma dama za ka kai shi, kaɗan, sannan ka dawo da shi da zarar mota ta miƙe, in ba haka ba ta wutsila ɗaya gefen. Tsofaffin hannu suna da gajeriyar hanyar koyar da wannan: kalli inda kake son zuwa, kada ka kalli ramin da kake tsoro. Hannu bin ido yake yi.

Daga kwalta a sauka laka. A nan gwani karatun launi yake yi. Burji mai tsakuwa yana riƙe taya ko da ya jiƙe. Jar laka mai sheƙi santsi ce zalla. Baƙar ƙasar fadama kuwa ta kan yi ɓawo a sama, ƙasanta taɓo, ita ce ke haɗiye mota har gindi. Idan sawun wasu motoci bai yi zurfi ba, sai ya bi shi, domin an riga an danne ƙasar. Idan ya yi zurfin da cikin mota zai zauna a kan tudun tsakiya, sai ya ɗora tayoyi a kan tudun. Yakan zaɓi giya ta biyu tun kafin ya shiga, ya riƙe wuta daidai, ba ya canza giya a tsakiya, domin taka kuloci na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe tafiyar. In ma daga tsaye zai tashi, da ta biyun yake tashi, saboda ta ɗaya ƙarfinta ya yi wa laka yawa.

Ko gwani yakan kafe. Bambancinsa da rago a minti na farko yake. Rago yakan danne totur, taya ta yi ta gurza tana haƙa wa kanta rami, laka na fantsama kan masu turi. Gwani da ya ji taya ta juya a banza sai ya ɗaga ƙafa ya sauko. Ya kwashe lakar gaban taya da shebur, ya shimfiɗa rassa ko duwatsu ko ma tabarmar ƙafa ta cikin mota. Ya rage iskar taya kaɗan don tafinta ya faɗaɗa, da niyyar ƙarawa wurin mai faci na farko. Sannan ya shiga yana lilo da motar, gaba kaɗan, ribas kaɗan, kowane zuwa ya fi na baya tsawo, har ta haye.

Ruwan da ya haura kwalbati shi ne inda ba a wasa. Gwani yakan tsaya ya sauko ya duba, ya kalli yadda wata mota ta ƙetare, ko ya sa a auna da sanda, domin ruwan kan ɓoye inda ya zaizaye hanya. Idan ya wuce tsakiyar taya, ba ya shiga. Idan gudu yake da ƙarfi, ko bai kai haka ba ba ya shiga, don ruwa mai gudu na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Idan kuwa ya ga za a iya, giya ta ɗaya, tafiyar ƙafa, wuta ba yankewa. Inji da iska yake numfashi, kuma idan ruwa ya shiga ta mashaƙar iska, fistin ba zai iya matse shi ba, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Shi ya sa idan mota ta mutu a cikin ruwa ba a sake murɗa makulli, turawa ake yi. Bayan an fito, sai ya yi ’yar tafiya yana taka birki sama-sama har ya bushe.

Saura gani. Numfashin fasinjoji yakan sa gilashi ya yi gumi daga ciki. Mai esi ya kunna ya karkata iskar sama, marar shi ya sauke gilashin gefe kaɗan ya ajiye tsumma mai tsabta kusa. Ƙaramar fitila ake kunnawa ko da rana tsaka, domin babbar tana dukan ruwa ta dawo ido, kamar yadda take yi a hazon hunturu. Ni dai ban ga hikimar kunna sigina huɗu ana tafiya ba, al’adar da ta zama ruwan dare a hanyoyinmu: na baya ba ya sanin ko tsaye kake, kuma ka rasa hanyar nuna za ka juya. Idan ruwa ya fi ƙarfin waifa, gwani yakan sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da bishiya da rafi, a nan ne yake kunna sigina huɗun ya jira.

Wanda ke son koyon wannan kada ya bari sai ranar da ya ɗebo iyali. Ya nemi fili babu kowa washegarin ruwa, ya ɗauki gwani a gefe, ya taka birki da ƙarfi a gudun kilomita 20 ya ji abin da motarsa ke yi. Ya tashi da giya ta ɗaya, ya sake tashi da ta biyu, ya ji bambancin a mazauninsa. In ya gama ya sa ruwa ya wanke lakar da ta maƙale a cikin ƙafafun motar, domin idan ta bushe a can za ta sa sitiyari rawa da zarar ya hau kwalta.