Takardar da Aka Rufe Kafin a Karanta

Batun zubar da ciki ba irin maganar da muka saba ɗauka a fili ba ce, amma tunda ta shigo gidajenmu ta waya, 'ya'yanmu mata na ji ana gardama a kai da Turanci, gara su ji daga bakinmu.

A ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya bai wa mata damar zubar da ciki, ta ce kowace jiha ta yi dokarta. Kwanaki kaɗan bayan haka Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas ta fitar da wata takarda ta ja-gora ga likitoci kan yadda za a raba mace da ciki a halin da doka ta riga ta yarda. Babban limamin Katolika na Legas, Alfred Adewale Martins, ya fito ya soke ta, wasu suka bi, farkon Yuli Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da ita. Shekara biyu bayan nan ƙungiyoyin mata na ta roƙo a dawo da ita. A majalisun unguwa mun ji masu cewa alhamdu lillahi, an kashe fitina. Da muka tambaye su wa ya karanta, sai kowa ya kama kallon tabarma.

Mu dai a ganinmu gwamna bai kyauta ba, kuma masu tafa masa daga cikinmu sun yi garaje.

Takardar nan ba doka ba ce, ba ta halatta abin da doka ta hana ba. Zubar da ciki laifi ne a Nijeriya tun zamanin Turawa. A kundin laifuka na jihohin Kudu, wanda ya yi aikin na iya shan ɗaurin shekara 14, matar kuma 7. Ƙofa ɗaya aka bari: ceton ran uwa. Abin da takardar ta zo yi shi ne ta faɗa wa likita a sarari ga inda ƙofar take, don kada ya tsaya yana tsoron ɗan sanda mace na zubar da jini a gabansa. Wannan tsoron ba tatsuniya ba ne. A ƙasar Ayilan, 2012, wata likitar haƙori 'yar Indiya, Savita Halappanavar, ta kwanta asibiti cikinta na ɓarewa, aka ƙi cire shi saboda zuciyar ɗan tana bugawa, har guba ta shiga jininta ta rasu. Ɗan ma bai rayu ba.

To me littattafanmu suka ce? A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, mashhurin zance shi ne haramun ne a taɓa ciki tun daga shigarsa, ko bai kai kwana 40 ba. A kan wannan muke, ba mu da wata kwana-kwana. Sai dai ɗalibin kirki ya san Lakhmi, cikin malamanmu na Malikiyya, ya sassauta kafin kwana 40, Hanafiyya kuma sun sassauta kafin kwana 120 in akwai uzuri, bisa hadisin busa rai da yaranmu ke haddacewa a Arba'una. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1990, ta ba da fatawar halascin cire cikin da bai kai kwana 120 ba idan amintattun likitoci sun tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani. In kuwa ran uwa ne a kan siraɗi, malamai suka ce a ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyu, a ceci uwa, don ita ce tushe. Ka ga ke nan fiƙihunmu ya san lalura tun kafin a haifi Ma'aikatar Lafiya. Don me za mu ari tsananin wasu mu yafa, mu ce shi ne Musulunci?

Su kuma 'yan rajin haƙƙin mata na zamani, masu cewa jikin mace nata ne ta yi yadda ta ga dama, ba mu tare da su. Jiki amana ne, na mace da na namiji, kuma abin da ke cikin mahaifa ba ƙari ba ne da za a yanke don an ga dama. Ban da haka, taronsu a manyan otal ake yi, da Turanci. Matar da ke tuya ƙosai a bakin layin dogo ba ta taɓa ganin ƙeyarsu ba. Amma wanda kake ƙi ma yakan faɗi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Su ne ke ɗaga wannan lissafi. Mu masu mumbari sau nawa muka ɗaga shi?

Ga abin da muke gani da idonmu, mu da ake tasowa da dare a ce Malam a zo a yi sutura. Mace na naƙuda kwana biyu, jijjiga ta kama ta, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izinin zuwa asibiti. Yarinya an ɗora mata tallan da ba ta dawowa sai bayan isha, wani ƙato ya lalata ta, uwa ta ja ta ɗakin bayan kemis don gudun abin kunya, da safe a ce zazzaɓi ne. Wanda ya yi cikin kuwa yana sahun gaba a jana'iza, har da tsayawa karɓar gaisuwa. Dokar hani ba ta hana wannan ba, ɓoye shi kawai ta yi. Ita yarinyar ce ke da shekara 7 a kundi, shi kuwa sai an samu mai ƙarfin halin kai ƙara.

Kuma kada wani ya ce mana maganar haƙƙin mata baƙuwa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19. FOMWAN tun 1985 take aiki, da makarantu da asibitoci. Sadaki, gado, ciyarwa, khul'i, duk suna cikin Risala. A nan Zango gwauraye nawa ne aka cinye musu tumunin takaba, shago da kaya, 'yan'uwan miji suka ce sai an je gida a raba?

Muna roƙon Sarkin Hausawa da majalisar limamai su nemo takardar nan, a sa a fassara ta, a zaunar da likita Musulma da malaman fiƙihu da shugabannin Islamiyyun mata su bi ta layi-layi. Inda ta saɓa wa shari'a a rubuta wa gwamnati a ce ga wurin, a gyara. Inda ta dace a ce a dawo da ita. Kafin nan, kowane magidanci ya faɗa wa iyalinsa yau, a gaban shaida, cewa in lalura ta taso ba ya nan, ya ba da izini a tafi asibiti.