Ƙaunar da Kunya ke Rufewa: Zaman Aure Mai Ɗorewa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, ana iya samun miji da mata da suka shekara arba'in tare, ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira sunan ɗaya a bainar jama'a. Matar takan ce "maigida", ko "Malam", ko "Alhaji" in ya sauke farali, wani lokaci ma "shi" kawai, kuma kowa ya san wanda take nufi. Mijin kuwa yakan ce "uwargida" ko "mutanen gidan", ko ya jingina ta da sunan wani daga cikin 'ya'yansu, amma ban da ɗan fari, domin shi ma sunansa na da nauyi a bakin iyaye. Baƙon al'ada yakan ɗauki wannan a matsayin sanyin zuciya. 'Yan ƙasa sun san kunya ce, kuma a ƙarƙashinta ne ƙauna ke zaune.

Hausa ta bambanta so da ƙauna. So shi ne na samari da 'yan mata, na dandali da zance da toshi, mai zafi da saurin bayyana. Ƙauna tana zuwa ne a hankali, tana haɗe da tausayi da sabo. Malamai sukan kawo aya ta 21 ta Suratur Rum wajen wa'azin aure, inda aka ambaci so da jinƙai tare, kuma wasu masu tafsiri sun ce na farkon ya fi ƙarfi a ƙuruciya, na biyun shi ke riƙe aure idan tsufa ko ciwo ya zo. Addu'ar da ake yi wa amarya ma ta nuna inda aka sa gaba: Allah ya sa mutu-ka-raba, Allah ya ba da zaman lafiya da haƙuri.

Tunda baki ba ya faɗi, aiki ke magana. Magidancin da ya dawo daga kasuwa ba ya shiga gida hannu rabbana. Ko ƙullin goro ne, ko tsire, ko rake, sai ya miƙa ba tare da dogon bayani ba. Atamfar sallah ma'auni ce da mata ke dubawa a tsakaninsu. A ɓangaren matar, akwai furar da aka dama daidai yadda ya saba sha, da ruwan alwala da aka ɗumama da asubar hunturu, da tsokar da aka ɓoye a ƙasan kwanon miya. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, rabon girki da kwana doka ce, saboda haka fifikon zuciya sai dai ya ɓuya cikin ƙananan abubuwa, kamar wadda ake ba ajiyar kuɗi, ko wadda ake tasa cikin dare a yi shawara da ita kafin a sayar da sa ko a ba da 'ya aure. Sau da yawa wannan matsayi na uwargida ne, ko da amarya ta fi ta samun kallo.

Cin rani ya daɗe yana gwada aure a wannan yanki. Tambuwal na kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuma na can kudu inda jihar Sakkwato ta yi iyaka da Kabi da Zamfara, kuma tun zamanin Turawa mazan lardin Sakkwato ke fita bayan kaka zuwa Ibadan da Ikko, wasu har Gwanja da Kumasi. Mace takan riƙe gida wata huɗu ko biyar, da rumbu da yara da surukai. Saƙon baki da ɗan kuɗin da aka aiko ta hannun ɗan gari su ne wasiƙar soyayyar wancan zamani, tsarabar da aka dawo da ita gab da damina kuma ita ce shaidar cewa an tuna da mutum.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Al'ada ta tanadi yaji, inda mace ke tafiya gidansu don nuna ɓacin rai, da biko, inda miji ko wakilansa ke zuwa ba da haƙuri. Auren zumunta, wanda ya yi yawa a gidajen Fulani da na malamai, yana ƙara wa sulhu ƙarfi, domin kawu ko gwaggo ɗaya ce ke tsaye a kan ɓangarorin biyu. Sai dai haƙurin da ake yabo ya fi sauka a kan mata, kuma saki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ba kowane tsohon aure ne ke da ƙauna a cikinsa ba. Wani zaman 'ya'ya ne kawai, kuma Hausawa da kansu suka raɗa masa wannan suna.

Wurin da aka yarda ƙauna ta fito fili shi ne waƙa. Mata sukan yabi miji ko su yi masa habaici a waƙoƙin daka da niƙa ba tare da kama suna ba. A rubutacciyar waƙa kuwa, Tambuwal na da gado na kusa. Garin ya kafu ne a matsayin ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ake lissafawa cikin mawaƙan Larabci na daular Sakkwato da suka taɓa fannin gazal, wato waƙar bege. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta yi masa marsiyya bayan rasuwarsa, kuma aurenta ne misali mafi shahara na dogon zama a tarihin gidan Shehu. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima wajen 1807, tana 'yar shekara goma sha huɗu ko kusa da haka. Giɗaɗo ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma bayan rasuwar Bello a 1837 shi da Asma'u suka duƙufa ga adana tarihin Shehu da na Bello, shi da zube, ita da waƙa. Sun zauna tare fiye da shekara arba'in, ɗansu Abdulƙadir ya gaji sarautar waziri.

Marsiyyar da ta yi wa Giɗaɗo da Fulatanci abin lura ce. Ta ambaci kewa da baƙin cikinta, amma mafi yawan abin da ta tsaya a kai halayensa ne: kyauta, karɓar baƙi, kula da mabuƙata, tsayuwa kan gyaran masallaci da hubbarorin magabata. Ko a nan, inda mutuwa ta sassauta kunya, malamar ta bi hanyar da matar ƙauye ke bi idan aka zo mata gaisuwar ta'aziyya, ta lissafa alherin mamaci, ta bar mai sauraro ya gane sauran. Takaba ta wata huɗu da kwana goma ita ce lokacin da ake jin irin waɗannan maganganu daga bakin tsofaffin da ba su taɓa yin su ba. Namiji ba shi da takaba, amma in dattijo ya rasa uwargidansa, maƙwabta sukan lura da yadda yake ramewa, su ce gida ya mutu masa.

Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980, da finafinan Hausa da suka biyo baya, sun kawo wata hanya ta furta so a fili, ko da yake labarin wasunsu yakan ƙare ne a ranar ɗaurin aure, daidai inda ƙaunar da ake magana a kanta ke farawa. Wayar hannu ta sauya cin rani: wanda ke Ikko yana jin muryar iyalinsa a Kebbe kowane dare. Matasan ma'aurata na ajiye lambar juna da sunaye irin su "Masoyi" ko "Habibi", suna kuma faɗa wa juna a rubuce abin da iyayensu ba su taɓa furtawa ba. Duk da haka, idan uwar miji ta shigo tsakar gida, amaryar takan sauke murya ta koma cewa "shi".